Abin da na Yanke a Sandar Awon Gazuwal

Assalamu alaikum, Ɗanlami.

Ga abin da nake so gare ka, tun kafin mu gaisa. Kada ka tashi da motar nan daga Damagaram sai ka sayi bido uku na gazuwal, wato jarka uku ta man dizal, ka ɗaure a baya, ban da wanda ke cikin tanki. Sandar awon nan kuma da babanku ya ba ka, kada ka yarda da ita. Ƙarya take yi. Ni na sa ta yin ƙarya, shekara biyu ke nan.

To, yanzu ina gaishe ka. Ka sauka lafiya? Ya gajiyar hanya, ya baƙunta? Allah ya tsare mini kai gaba da baya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum. Iya kakarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Malama Rabi ta lekol, makarantar bokon nan, ita ce ke rubuta mini. Na ce mata ta sa yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara, don in ta gyara ba za ka gane ni ba ce. Direban da zai fita daga Dungas da hantsi shi zai kawo maka. An ce ranar Asabar za ku ɗauki hatsin Alhajin da ya ɗauke ka aiki, ku yi arewa, can bayan Gure, wajen kasuwannin makiyaya. Allah ya sa takardar nan ta riga Asabar.

Ka san ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Ɗan fari ne kai, a ɗakin Iya ka tashi, har yau Yaya kake ce mini. Shekaranjiya da kana ɗaure tabarmarka a bayan mota na fito har zaure da niyyar in faɗa maka, sai na ga maza sun cika ƙofar gida, babanku yana zaune yana ba ka kwalaben maganin mota ɗaya-ɗaya.  Abin da na iya cewa kawai, "Ka ɗauki ƙuli-ƙulin?" Ka ce ka ɗauka. Ka tafi. Tun daga nan ban ci abin kirki ba.

Bari in ɗauko maka daga farko, ko da ka san wani.

Ka tuna lokacin da tankin a-kori-kurar nan ya fashe, Malam Idi makanike ya yi mata wani na walda a bayan kai, bakinsa a sama. Tun daga nan allurar mai ba ta motsi. Sai babanku ya sari sandar aduwa, ya riƙa zuba gazuwal bido-bido, in ya zuba ɗaya ya tsoma sanda ya yi tsaga inda ta jiƙe. Haka har tanki ya cika. Sandar nan ita ce idonsa. Kullum a bayan kujera take.

To da daminar nan ta bara waccan ya je kasuwar Guci, ya tarar da wani mutum da ƴan kwalabe a kan tabarma, wai maganin mota. An ce murfi ɗaya za ka zuba a tanki, gazuwal ya riƙa auki, mota ta yi tafiya mai nisa da mai kaɗan. Babanku ya saya, ya cika tanki har baki, ya zuba murfi ɗaya, ya yi lodin gyaɗa zuwa Magariya. Ya dawo da yamma ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya shigo da sandar a hannu don ya auna, ruwa ya hana shi, sai ya jingine ta a rumfar girki ya shige ɗaki.

Da safe na tashi dama koko, icce duk ya jiƙe. Na hura, na hura, hayaƙi kawai, idona na ruwa, ƙanwarka tana kuka a baya. Sai na ji warin gazuwal kusa da ni. Na ce ai wannan sanda ta sha mai, bari in ɗan kara bakinta a wuta ta kama mini iccen, in cire. Wallahi, Ɗanlami, na san sandar mene ce. Ba zan ce ban sani ba. Cewa na yi ɗan lokaci ne. Na juya in sauke yarinya, kafin in waiwayo gindin sandar ya kama. Na tsoma ta a ruwan tsari. Gindin ya zama gawayi.

Na ɗauki wuƙa na yanke inda ya ƙone. Ya fito a karkace, na ƙara yankewa. Na goga da ƙasa, na shafa baƙin man da ke zuba ƙarƙashin mota, na mayar da ita inda take.

Yanzu Malama ta tambaye ni yatsa nawa na yanke. Ban sani ba. Uku ko huɗu. To da yankan na biyun fa? Kuma yatsana ko na babanku, ai ba ɗaya ba ne. Kullum in na kwatanta sai ya fito daban.

Babanku ya fito ya ɗauki sanda ya tsoma. Ina leƙe ta katanga. Ya ciro, ya duba, ya sake tsomawa, ya sake dubawa. Sai ya ƙwala wa maƙwabcinmu kira: "Malam Habu, zo ka ga ikon Allah! Magariya zuwa da dawowa, cikin caɓi, tsaga uku nake tarar da ita kullum. Yau ga shi kusan huɗu!"

A ranar ban gane ba, na ɗauka maganin ne da gaske, har na yi hamdala ba a kama ni ba. Sai daga baya ina tsoma muciya a tukunya na ga abin da idona. In sanda ta gajarce ta ƙasa, ai tsagogin sauka suke yi, mai ya riƙa kai su ko da kaɗan ne. Sai ta nuna maka akwai, alhali babu.

Kuskurena na farko ke nan. Da na ce masa da safen nan, "Maigida, na ƙona sandarka," faɗa zai yi na rabin yini, ya sari wata, shi ke nan. Don haka ka ji ni. Motar nan ta babanku ce amma kayan Alhaji za ka ɗauka. In ka ɓata abu, ko buhu ne ya yage, ko fitila ka fasa, ka faɗa a ranar. Ranar farko yana da sauƙi. Ni na ce sai gobe, ga goben tawa sai yau ta zo.

Na biyu, zanen nan ruwan ganye da kake gani ina ɗaurawa in za ni biki. Babanku ya sayo mini shi bayan wata ɗaya, ya ce daga rarar gazuwal ne. Matan unguwa suka sa masa suna zanen magani. Matar Malam Habu har tana tsokanata, "Ke dai kin more, mota na shan magani ke kina shan kwalliya. Ni nawa jakin amalanke ko za a ɗura masa murfi ɗaya?" Muka yi ta dariya. Da ni aka yi dariyar. Na ɗaura zanen, ya kuwa yi mini kyau, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. In an yabe ka a kan abin da ka san ba haka yake ba, ka ce a'a tun bakin mai yabon bai rufe ba. In ka karɓa, ka ɗaure kanka.

Na uku shi ne wanda ya fi hana ni sukuni, don ya taɓa bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Ka san Sale mai gazuwal na bakin tasha, mai ɗingishin nan, wanda yake ba ka dabino kana ƙarami. Babanku ba ya tsoma sanda in ya cika tanki, don me, ai yana ganin mai a baki. Sai in ya dawo yake aunawa. To sanda ta ce saura kaza, ya je wurin Sale a cika, sai tanki ya sha fiye da yadda ya zata. Sau ɗaya, sau biyu, sai ya fara cewa bidon Sale ba ya cika.

Ranar da abin ya fashe ina cikin motar. Kai kana gona. Mu mata goma sha muka hau za mu suna Kwaya, da ƙorai da tulin yara. Kafin mu tashi ya tsoma sanda ya ce, "Tsaga ɗaya da ɗoriya, da magani a ciki, ta kai mu ta dawo." Muna dawowa da rana tsaka mota ta yi tari, ta yi tari, ta tsaya. Ya tsoma sanda, ta ɗan jiƙe a baki. Ya leƙa da ido, tanki ƙaf, sai ɗan laka-laka a ƙasa. Ni ina zaune da zanen magani a jikina. Na san abin da ya faru, ni kaɗai a duk motar.

Allah ya taimake mu hanyar Kwaya ce, ko ina gari. Wata tsohuwa ta kawo mana ruwa a ƙwarya, wani mai amalanke ya ɗauki babanku ya je ya samo mai. Kafin la'asar muna gida. Amma washegari ya tafi tasha ya tsaya gaban Sale, mutane na ji, ya ce, "Kai da Allah, Sale! Awo ba ya cika, kuma abin da kake ba ni ruwa ne ko mai, da yake ƙarewa kamar an tsiyaye?" Sale ya ce, "Malam, shekara nawa muna tare? Ga bido, ga litir, auna da hannunka." Bai auna ba. Ya ce sandarsa ta fi shekara biyar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Direbobi biyu suka bar sayen mai wurin Sale saboda wannan magana. Har yau in babanku da Sale sun haɗu a masallaci hannu kawai suke ba juna.

Ɗanlami, in lissafi ya ƙi fita, kafin ka nuna mutum da yatsa, ka fara duba abin awonka. Kuma kada ka yi wa mutum faɗa a tasha. Ka ja shi gefe. In kai ne da kuskure, a gefe za ka janye, ba wanda ya ji.

Akwai na huɗu. Malama ta ajiye biro tana kallona, amma ki rubuta, Malama, ai na fara.

Bayan abin Kwaya tsoro ya kama ni. Na ce tun da sanda tana cewa akwai mai alhali babu, bari in sa ya zama akwai. In na sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sai in je wurin Sale da butali, babbar kwalba, in ce mai injin niƙa ne ya aike ni. Da sassafe in babanku ya tafi masallaci sai in hau taya in ɗura a tanki. Ba kullum ba, sai in tafiyar mai nisa ce. Na yi haka ban san sau nawa ba. To ka ga abin da na jawo? Ya dawo ya tsoma sanda ya ga mai ya ƙara auki, ya ce ai maganin sai ya daɗe a jikin mota yake nuna ƙarfinsa. Ya koma Guci ya sayo kwali guda. Mutum uku a garin nan sun fara saya a kan maganarsa. Ni na je gyara ne, na ƙara ɓatawa. Kuma yanzu ba na bayan motar da butalina, kai kaɗai ne. In ka yi ɓarna kada ka lallaɓa ka toshe a ɓoye. Toshiyar ma wata ɓarnar ce.

To yanzu za ka ce, Yaya, maganin yana aiki ko ba ya yi? Wallahi ban sani ba. Nan ne kaina ke juyawa.

Wani lokaci in ce ba komai ba ne, sandata ce da butalina. Sai kuma in tuna hayaƙin motar nan, da can in ya tayar da ita da safe baƙi ƙirin yake, shanyata har tana yin wari. Bayan magani ya ragu, da idona na gani. Amma kuma a watan nan ne Malam Idi ya sauya mata filtir ɗin tace mai. To wanne ne a ciki? Kuma da kaka in hanya ta bushe ba ta shan mai kamar da bazara da rairayi ke kama taya. Duk abin ya cakuɗe mini.

Jiya na ɗauki mayafi na je garejin Malam Idi, na ce wai ƙanena ne ke tambaya. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya ce, "Hajiya, ƙanen naki direba ne ko mai kuɗin banza?" Yaransa suka yi dariya. Sai ya fito yana goge hannu ya ce, wani maganin na kirki ne, yana wanke dattin da ke toshe inda mai ke fesowa cikin inji, tsohuwar mota takan ɗan ji daɗi. Wani kuma kananzir ne aka sa wa launi aka ɗura a kwalba mai kyau. Na ce to na Guci fa? Ya ce shi bai sha ba balle ya sani. Amma ya ce ko na kirkin ne, ba ya haifar gazuwal. Ya ce abin da ke shan mai shi ne lodi ya yi yawa, da rairayi, da taya mai laushi, da filtir mai datti, da ƙafar yaro mai zafin kai. Ya ce in faɗa wa ƙanen nawa na ƙarshen nan sau biyu.

To ga shi na faɗa. Amma maganar taya ta rikita ni, don na sha jin babanku yana ce maka in ka shiga rairayi ka sassauta iska ko ka kafe. Wannan ya ce laushi na shan mai, wancan ya ce sai da laushi. Wataƙila duka gaskiya ne, wataƙila ni ce ban ji daidai ba. Ka tambayi tsofaffin direbobin hanyar, kada ka ji kunya.

Ya kuma faɗi yadda ake ganewa, bari in ga ko na riƙe. Wai ka cika tanki har baki a gidan mai na famfo, inda litir ke fitowa a rubuce. Ka yi tafiya, ka dawo ka sake cikawa, ka ga nawa ta sha. Sau ɗaya da magani, sau ɗaya babu, hanya ɗaya, kaya ɗaya. Ya ce ba sau ɗaya ba ma, a yi ta yi. Kai ka yi lekol, ka iya wannan. Amma ka yi gwajin a kan kwalta, tsakanin gari da gari. Kada ka gwada mini shi a arewa.

Don abin da ke tsorata ni ke nan. Na ji babanku a ƙofar gida yana ce maka, "In ka ga tsaga ɗaya, kada ka damu, da magani a ciki kana da tafiyar rabin yini." Ɗanlami, tsaga ɗayan nan babu ita. Ni na yanke ta na jefa a murhu. An ce can sai ka yi yini ba ka ga bukka ba, waya ba ta kamawa, ba tsohuwa mai ƙwarya, ba mai amalanke. In na rufe ido sai in gan ka tsaye kan taya kana tsoma sandar nan kana mamaki, kamar yadda na ga babanku a hanyar Kwaya.

Ka sari sabuwar sanda. Ka bari tanki ya yi ƙasa, ka sa a tsiyaye sauran, ka zuba bido-bido ka yi tsaga da hannunka. Kada ka ba kowa ajiyarta, ko ni. Ka ɗauki ruwan sha fiye da yadda kake gani ya isa. Kada ka rabu da ayarin motoci don kana ganin taka ta fi gudu. Ka yi sallarka a kan lokaci ko a gindin taya ne. Tsohuwar sandar kuma kada ka yar, ka dawo mini da ita, ina so in ɗora ta kusa da sabuwar in ga yatsa nawa ne, ko hankalina ya kwanta.

In ka ji haushina, ka ji, ka isa. Ka dai sayi bidon.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya sa ka fi ƙarfin hanya, ya haɗa ka da abokan tafiya na gari, ya sa albarka a ƙafarka da hannunka. Allah ya sa in ga ƙurar motar nan ta shigo gari da kai a gaba. Amin.

Kada ka ɗauka asiri ne na ba ka ka riƙe. Na riga na faɗa. Iya na fara faɗa wa jiya da la'asar, ta ce, "Ke yarinyar nan, shekara biyu kina dafa mana tuwo da wannan a ciki?" Sai ta ce in je in faɗa wa ɗanta da bakina, ita ba ƴar aike ba ce. Na faɗa wa Malama Rabi, ga ta nan.

Babanku kuma yau da safe, bayan ya sha koko. Ka san tun da yanar idon nan ta hana shi tuƙi ba ya son a tsaya masa a kai, sai na durƙusa daga gefe na faɗa duka, har butalin.  Sai ya laluba aljihu ya ciro waya ya ce a kira ka. Sau uku Malam Habu ya kira, wayarka a kashe, yadda ka saba. Na ce zan sa a rubuta maka ka sayi bido biyu. Ya ce, "Uku." Na tashi zan fita ya ce, "Ki ce masa kuma ya ci gaba da zuba maganin, murfi ɗaya, hayaƙi dai ya ragu." Ban san ko da gaske yake ba ko don kada ya rasa ta cewa. Na faɗa maka yadda ya faɗa.

Yanzu yana zaure ya sa hularsa, ya ce in na gama in zo in kama masa sandar dogarawa mu je tasha. Na ce a aiki wani ya raka shi, ya ce a'a, ni. Iya ta sani, Malama ta sani, babanku ya sani, kai ne na huɗu. Saura Sale.

Ni ce mahaifiyarka.